Dattijon da Na Zarga a Bakin Gurara

A lokacin ni malamin firamare ne a Kalgo, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ba na yarda da baƙuwar fuska ko kaɗan. Labaran satar mutane a hanya sun cika mini kai. Duk da haka, da hutun damina ya zo, na cika alkawarin da na daɗe ina yi wa yara na kai su ganin ruwan Gurara. Muka biya Gwandu muka ɗauki ƙanwar matata, muka kwana a Minna, da hantsi muka isa.

Tun inda muka ajiye mota wani dattijo mai sanda ya tare mu. Ya tambayi daga ina muke, ya tambayi ko yaran sun iya ruwa, sannan na ga yana ƙirga mu da yatsa. Nan na fara zarginsa. Ya ce kada mu sauka kan duwatsun ƙasa, mu tsaya sama inda jama'a suke. Na amsa masa a daƙile. Jim kaɗan na hango shi yana waya, idonsa a kanmu. Na raɗa wa matata cewa mutumin nan mai kai wa 'yan bindiga rahoto ne, so yake mu tsaya inda za a same mu. Ta ce ita ba ta ga alamar mugunta tare da shi ba. Na ce ba ta san duniya ba.

Don mu ɓace masa, na ja iyalina muka gangara ta wata siririyar hanya. A cikin masunta na taso, ina ganin na san ruwa, kuma babu hadari ko ɗaya a sararin sama. Muka zauna kan wani falalen dutse, yara suna wasa da ƙafa a ruwa. Sai ga shi ya biyo mu yana kira. Na ɗauki dutse na riƙe, na ce idan ya matso zai gani. Ya tsaya, ya ce ɗan'uwansa ne ya kira shi, an tafka ruwa can inda kogin yake fitowa, in dubi launin kogin. Na duba. Ruwan ya koma ja, har ya fara cin hanyar da muka biyo.

Shi ya tsallakar da mu ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. Ɗiyata ta tsakiya ta zame, ƙafarta ta maƙale tsakanin duwatsu. Ina tsaye na kasa motsi, shi ya shiga ruwa har ƙirji ya fito da ita. Ƙafar ta karye, har yau tana ɗingishi. Ya rako mu mota, ya kwatanta mana asibiti, bai tayar da maganar dutsen da na ɗauka ba. Wata mai sayar da masara ce ta gaya wa matata cewa duk wanda ya zo yakan ƙirga shi, don ya san in wani bai dawo ba.

Taka-tsantsan a hanya wajibi ne, amma nawa ya wuce iyaka har na gudu daga mai taimakona. Duk mai kai iyalinsa irin wannan wuri, ya tsaya inda mutane suke, ya riƙe hannun yara, ya saurari 'yan gari, musamman da damina. Ni ko godiya ban yi masa ba, kuma ban tambayi sunansa ba.