Dokin da Iya Ba Ta Faɗa Ba

A gidanmu na Ƙofar Mata ba a kashe wutar murhu da zarar an sauke tuwo. Iya, kakata ta wajen uba, sai ta jawo tabarmarta kusa da garwashin, ta ɗauko mazari da auduga, mu kuma jikoki mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙanshin miyar kuka. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin su naɗe kayansu, ni kuwa ban ma gama famfara ba. Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, a shigo da ita?" Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita!" Wanda ya yi gyangyaɗi kuwa ya sha dungure da gindin mazari.

Iya 'yar dillalin dawaki ce, a bakin barga ta yi wayo. Saboda haka tatsuniyarta ba ta rabuwa da doki, ko da labarin kura da akuya ne sai ta san yadda ta cusa shi. Kuma ba ta ambatonsa a gurguje. Sai ta dakatar da labarin ta koya mana yadda ake duba shi, kamar wani cikinmu zai je saye gobe.

"Ku bar kallon ado," in ji ta. "Ku duba hanci, in yana da faɗi numfashi zai ishe shi. Ku duba ƙirji. Wanda kuka ga yana ta rawa yana tsalle tun ba a sake shi ba, ya jiƙe sharkaf da gumi, wannan ya gama gudunsa a tsaye. Mai shirun nan da ke juya kunne, shi za ku sa wa ido."

Mu dai dariya muke yi, don a gidanmu ko jaki babu.

Babana marini ne. Ramin rini guda yake da shi a karofi, gadon ubansa, da shi ake ciyar da mu duka. Shi ne ɗan farin Iya, kuma yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya gaishe ta da safe sai ta amsa tana kallon bango. In tana da saƙo sai ta ce da ɗayanmu, "Je ki gaya wa wancan ruwa ya ƙare a randa," alhali ga shi nan tsaye yana ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Ni na sha ganin ta ware masa tsokar da ta fi kyau ta ce wai kyanwa take gudu.

Abin ya faro ne da wasa. Wata rana Iya ta ba mu labarin wani baƙin doki mai farin goshi da ya tsere wa sa'a, Baba yana alwala a gefe ya ji. Da Asabar wani abokinsa ya ja shi filin sukuwa, can bayan ganuwa, inda Turawa da manyan 'yan kasuwa ke tseren dawakinsu, talakawa kuma su yanki tikiti a kan wanda suke zaton zai zo na ɗaya. Sai ga baƙin doki mai farin goshi, yana tsaye shiru yana juya kunne. Baba ya yanki tikiti a kansa, doki kuwa ya zo na ɗaya. Ya dawo gida da tsire a takarda da sabon zane na Umma, yana ta ba da labari, har da cewa bakin Iya akwai sa'a. Mu muka cinye tsiren har da lasar takarda. Iya ko ƙuli-ƙulin ba ta taɓa ba.

Daga nan fa sai gida ya canja. Duk jajiberin sukuwa, sai ka ga Baba ya ƙi fita hira zaure. Ƙato da gemu, ya zauna a ƙofar ɗakinsa wai yana gyaran takalmi, kunnensa na wajen tatsuniyar yara! In Iya ta ambaci jan doki, gobe a kan ja zai zuba. Da ta lura, sai ta daina sa doki a labari. Amma a banza. In ta ce farar tunkiya, ya nemi farin doki. In ta ce auta ne ya yi nasara, ya nemi mafi ƙanƙanta a cikin dawakin. Wani lokaci ya dace, sau da yawa ya dawo ya shige ɗaki ko tuwo bai nema ba. Babbar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a ta bar gidan. Masu kawo rini suka fara sallama suna cigiyar kayansu, Umma tana aika mu mu ce ba ya nan.

Ranar da ba na mantawa, Umma ta durƙusa kusa da Iya tana tankaɗe, ta yi ƙasa da murya, amma na ji.

"Iya, an ce ya yi magana da wani mutum a Yakasai. Ramin zai ba shi jingina. Wai gobe ce babbar sukuwa, in ya dace sau ɗaya ya fanshe komai."

Iya ta ci gaba da kaɗinta. Zaren hannunta ne ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Ko ni da nake yarinya na san in ramin nan ya tafi, tuwonmu ne ya tafi. Na kuma san Iya ba za ta iya tashi ta je ta same shi ta ce kada ka yi ba. Hanya ɗaya ce take da ita ta yi masa magana, ita ce wadda yake zama yana saurare.

Bayan magariba muka taru. Baba ya fito da takalminsa ya zauna. Iya ta yi sallamar baƙuwarta, muka ce a shigo da ita, amma muryarta ba irin ta kullum ba ce.

Wai a wani gari ake sukuwa duk shekara. Gizo ba shi da doki, ba shi da gona, sai ya samo tsumma ya naɗa rawani, ya zauna gindin tsamiya a ƙofar gari, ya ce shi yana ganin dokin da zai zo na ɗaya tun kafin a ɗaura sirdi. Mutane suka yi ta zuwa, kowa da mudun geronsa. In mutum ya durƙusa sai Gizo ya raɗa masa a kunne, ya ce kada ya gaya wa kowa. Wannan ya ce masa baƙi. Na bayansa ya ce masa fari. Na gaba ya ce masa ja. Haka ya raba dawakin garin kaf, babu wanda ya bari. In an yi sukuwa dole ɗaya ya zo, wanda aka raɗa wa sunansa sai ya bi gari yana shelar Gizo ya san gaibu. Sauran kuwa kunya ta hana su magana, kowa yana zaton shi kaɗai ne marar sa'a. Iya takan kwaikwayi tsamin bakin Gizo har mu riƙe ciki, amma a ranar ba wanda ya yi dariya sosai.

Sai ta kawo wani manomi mai gona ɗaya a bakin rafi, wadda ubansa ya share da hannunsa. Geronsa ya ƙare a gindin tsamiya, saura gonar. Matar Gizo, Ƙoƙi, ta ji tausayinsa, ta tare shi a hanya ta ce, "Bawan Allah, mijina ko jaki da doki ba ya bambancewa. Abin da ya raɗa maka, ya raɗa wa maƙwabcinka kishiyarsa. Koma gida." Manomi ya ce ya ji, ya gode. Ya wuce ya ba da gonar.

"Aka jera dawaki," in ji Iya, tana kallon wuta. "Aka sake su. Kafin su kai rabin fili Gizo ya ɗaure buhunansa ya bi ta wata ƙofar. Tsohuwar manomin nan kuwa tana zaune a gida, ba ta da bakin magana, sai dai ta yi ta kallon hanya."

Nan ta tsaya. Har ƙaramin cikinmu ya gane da wa ake. Na saci kallon Baba, na ga ya ajiye takalmin, ya sunkuyar da kai. Wallahi na ɗauka maganar ta shige shi, har na ji sanyi a raina. Sai ya ɗago, ya yi gyaran murya, ya ce a hankali,

"Iya, to a cikinsu wanne ne ya zo na ɗaya?"

Umma ta saki faifan hannunta. Iya ta juyo, abin da ban taɓa gani ba, ta dube shi ido cikin ido.

"Habu," ta ce. "Habu, ka ji tausayina."

Ran nan na fara jin sunan ubana a bakinta, kuma ban sake ji ba. Baba ya miƙe kamar an watsa masa ruwan zafi, ya fice, ya bar takalmin a wurin. Iya ta naɗe audugarta ta shiga ɗaki. Ba ta rufe tatsuniyar ba, ba ta ce mu je mu kwanta ba.

Da ma a ce nan ya tsaya. Bai tsaya ba. Daga baya muka ji ya ce da abokinsa ai baƙi Gizo ya fara ambata, don haka baƙi ne. Ramin ya tafi, ba a kuma fanso shi ba. Baba ya koma yi wa mutumin Yakasai aikin lada a cikin ramin da ubansa ya haƙa. Umma ta kama sana'ar ƙosai, da shi muka rayu. Sukuwa dai ya daina zuwa, amma bayan me?

Iya ba ta sake yin tatsuniya ba. Mun roƙa, mun yi kuka, mun yi mata tausa, sai ta ce baƙuwar ta yi tafiya. Tana nan dai tana zama gindin murhu tana kaɗi, mu ma muna zama, sai dai shiru. Ta koma amsa gaisuwar Baba tana kallon bango, shi kuma ya rage tsayawa. Haka suka zauna gida ɗaya har Allah ya karɓi abarsa. Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan fiye da ramin, ba zan ɓoye ba.

Da ina budurwa na ɗauka darasin labarin shi ne kada ka yarda da mai cewa ya san dokin gobe. Wannan gaskiya ne, masu irin wannan rawanin har yau ba su ƙare ba. Amma Iya ba ta taɓa cewa ta sani ba. Ita hanci da ƙirji kawai ta koya mana, kuma ko ubanta dillali, in ji ta, yakan duba da kyau ya sayo gurgu. Abin da ya fi damuna da na girma shi ne mutum yana iya zama kusa da kai, yana jin kowace kalma taka, amma abin da yake so kaɗai yake tsinta. Uwa ta karya kunyar rayuwarta guda don ta roƙe shi, shi kuwa launin doki yake jira.

Baba ya tsufa a hannuna. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da la'asar ina ba shi kunu, shuni har lokacin bai bar ƙasan farcensa ba, sai ya riƙe mini hannu.

"Ke kin fi kowa zama da ita," ya ce. "Ba ta taɓa ƙarasa muku labarin nan ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ikon Allah, har yanzu dokin yake nema? Na ce masa, "Baba, ba ta faɗi wanda ya zo ba."

Ya girgiza kai, hawaye na bin gefen fuskarsa.

"Ba doki nake tambaya ba. Tsohuwar. Da ya dawo gida, ta yafe masa?"

Na buɗe baki in ce ta yafe, don ya samu ya huta. Sai na tuna a kan abin da Iya ba ta faɗa ba ya rasa komai, ban kuwa da ikon sa mata magana a baki. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ba ta kai nan ba."

Ya saki hannuna, ya ce in ɗauke kunun ya ƙoshi.