Kunkurun da na yi wa gadon amarya

Shekarun baya, daminar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki, ina amarya a Agege ta Legas, a irin gidan hayar nan da ƙofa ke kallon ƙofa, kowa ya san abin da kowa ya ɗora a wuta. Mijina dillalin shanu ne a kasuwar Oko-Oba, yakan yi wata guda a Arewa kafin ya biyo tirela ya dawo. Ni kuma ban da girki babu abin da nake yi sai karanta littattafan soyayya. Jaka guda na taho da su daga gida, har na haddace yadda ake dawowa daga tafiya: miji ya shigo yana ƙamshi, ya ɓoye hannu a baya, ya fito da fure da kati.

Nawa mijin ya shigo yana warin shanu, da kwali a kai. Ya sauke ya buɗe, sai ga kunkuru, girmansa kamar kwanon tuwo, yana kallona da idon tsofaffi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Tsarabarki. A hannun wani mafarauci na gan shi. Furen da kike dami na da zancensa kwana biyu zai yi ya bushe. Wannan kuwa sai ya binne ni, ya binne ki."

Na yi fushi na yini ɗaya. Washegari ina wanke-wanke maganar ta dawo mini, na duba duk littattafan da ke kaina, ban ga jarumin da ya taɓa faɗin magana mai nauyinta ba. Daga ranar kunkuru ya zama ɗan gata.

Da mijina ya sake tafiya, sai na zauna na tsara masa rayuwa irin ta cikin littafi. Na yanko soso daga wata tsohuwar katifa, na sa a bahon roba, na lulluɓe da ragowar leshin bikina. Na ajiye bahon a baranda, inda feshin ruwan sama ke kaiwa, wai don ya sha iska. Kullum da safe in yi masa wanka da sabulu, in shafe ƙoƙon bayansa da basilin har sai na ga fuskata a ciki. Ranar Juma'a in zana masa lalle a gefen ƙoƙon, in turara shi. Idan ya yi ta yaƙushin bahon yana son fita, sai in ce murna yake yi.

Bayan kamar mako uku ya daina cin ganye. Sai wari ya fara, wani irin wari mai tsami da turaren wuta bai iya rufewa ba. Na juya shi rigingine. Ƙoƙon ƙirjinsa ya yi fari-fari a wurare, na taɓa da yatsa ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Fatar hammatarsa ta yi ja tana saɓulewa. A bayansa, ƙarƙashin ƙyallin basilin ɗina, ɓawo ɗaya ya ɗaga baki. Na ɗaga leshin, sosan ya sha ruwan sama da fitsari, na matsa ya zubo baƙi.

Ina tsugune a haka mai gidan hayarmu ta iso. Bayarabiya ce dattijuwa, Iya muke ce mata, Hausa a bakinta kamar a Kano aka haife ta. Ni kuma Iyawo take kirana, wato amarya. Ta toshe hanci da bakin zani.

"Iyawo, ashe mijinki na biyu ne yake ruɓewa. Kwana uku ina zagin masu bayan gida."

Matan gida suka kwashe da dariya. Ta ce, "Ran Asabar zan je kasuwar Oyingbo. Masu magani suna karɓar irinsa, mai rai ko matacce. Ki ba ni shi in raba ki da wahala."

Na ce, "Iya, ko farcensa ba zai je Oyingbo ba."

"To warin nan ba zai kwana mini a gida ba bayan Asabar. Ko shi ya fita, ko ku fita tare."

Na ce, "Na ji."

Ranar Litinin ce. Babu waya a hannun irinmu a lokacin, mijina yana can wata kasuwar ƙauye da ban san sunanta ba. Na shiga ɗaki na yi kuka irin na littafi, da jingina da bango da komai. Da na ga kukan bai rage warin ba, na share fuska, na rufe bahon da gyale, na ɗauka na fita.

A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo mutumin Nijar da ke gadin wani gidan sama, mijina yakan tsaya su gaisa. Na taɓa jin dattijon ya ce a garinsu kunkuru har cikin gona yake haƙa rami. Na same shi yana dafa shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe gyalen.

Ya daɗe yana kallo. Ya lakaci basilin da yatsa, ya shinshina, ya dubi lallen, ya dubi leshin.

"Ɗiyata, mi yay yi miki?"

Na ce, "Baba, so nake masa."

Ya ce, "To ki rage, za ki kashe shi."

Ya ɗauko wata ƙaramar wuƙa ya tafasa a ruwan zafi, ya riƙa kankare wuraren da suka ruɓe a hankali, yana magana. Ya ce wannan dabbar ƙasa mai zafi ce, a busasshen rami take kwana, cikinta a kan turɓaya. Ƙoƙon nan da nake gani kamar dutse, rai gare shi, man shafawa yana tara masa datti ya riƙe damshi a tsakanin ɓawo. Soso kuwa rijiya ce na kwantar da shi a kai. Na ce wata maƙwabciya ta ba ni shawarar garin katako daga wajen kafintoci. Ya girgiza kai, ya ce zai shiga ido da hanci, kuma in ya jiƙe ya fi soso muni.

"Jar ƙasa za ki samo, ki haɗa da yashi kaɗan, ta yi zurfin da zai iya haƙawa. Ki sa busasshiyar ciyawa gefe guda. Ki wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ki sa aidin na kemis, ki bar shi ya bushe. Rana in ta leƙo da safe ki fito da shi. Abinci a kan faranti, kada ya haɗiyi yashi. Sabulu da man nan, ki riƙe abinki."

Na ce, "Baba, ina zan ga busasshiyar ƙasa a Legas da damina?"

Ya ce, "Wannan kuma ke ce mai son."

Washegari na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa Oko-Oba, wajen da ban taɓa takawa ba. Abokan aikin mijina suka taso hankali a tashe, sun ɗauka mutuwa aka yi. Da na ce ciyawa na zo nema wa kunkuru, wani ya zauna a kan buhu don dariya. Ban yi dariya ba, ban kuma sunkuyar da kai ba, na tsaya har suka cika mini buhu da wadda ke cikin rumfa. Jar ƙasa da yashi kuwa a wajen wasu magina na roƙo, amma a jiƙe suke sharkaf, ga sama ba ta da niyyar buɗewa.

Sai na tuna yadda mahaifiyata ke suyar gyaɗa. Na hura gawayi a tsakar gida, na ɗora babban kasko, na zuba ƙasa, na kama juyawa da ludayi. Tururi yana tashi, matan gida suka yi layi a bakin ƙofofinsu.

Iya ta leƙo ta ce, "Iyawo, da wace miya za a ci?"

Na ce, "Idan ta yi zan kawo miki ɗanɗano, Iya."

Kasko bakwai na soya a ranar. Na bari ta huce, na zazzage akwatin katakon da nake ajiye littattafaina, na jera su a kan gado, na zuba ƙasar a ciki. Na shigar da akwatin ɗaki, kusa da taga. Da na ajiye kunkuru a kai, sai ya fara tura ƙasa da ƙafafun gaba. Ya haƙa, ya shige rabi, ya kwanta. Tun zuwansa ban taɓa ganin ya daina yaƙushi ba sai ranar.

Safe da yamma ina wanki da gishiri, ina sa aidin, ina kwashe inda ya ɓata in zuba sabuwar suya. Hannuna yana ƙaiƙayin basilin, ina hana shi. Ranar Alhamis wuraren suka daina ruwa. Ranar Juma'a ya ciji ganyen rama sau biyu.

Asabar da safe Iya ta zo ƙofata da buhu a hannu, ta ci gwaggwaro. Na tsaya a bakin ƙofar, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Matsa in gani."

"Ki ajiye buhun a waje tukuna."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yar da buhun. Ta shiga, ta sunkuya a kan akwatin, ta ja numfashi sau uku. Babu abin da ke tashi sai ƙamshin toyayyar ƙasa. Ta ce, "Ya yi muni. A da ya fi kyau."

Na ce, "A da mutuwa yake yi."

Ta fita, ta ɗauki buhunta. Da yamma na tarar da ƙullin ganye a bakin ƙofata, irin wanda ake tsincewa a zubar a kasuwa. Ba ta taɓa cewa ita ce ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Warkewar gaske ta ɗauki watanni. Ɓawon da ya ɗaga ya faɗi, wurin ya bar tabo kamar tambarin babban yatsa. Da mijina ya dawo ya ga littattafai a kan gado, kunkuru a akwatinsu, ya ce, "Ashe akwai wanda zai iya korar su." Na ce ba a kore su ba, ƙaura suka yi.

Har yau ina karanta su, duk mai jiran in ce na tuba zai daɗe yana jira. Su suka koya mini tsayawa a bakin ƙofa in ce ba za a wuce ba. Abin da ba su koya mini ba shi ne in tambayi wanda nake so a kan me yake iya kwana. Na ba shi abin da ni nake mafarki, leshi da ƙamshi, ya kusa mutuwa a kai.

Mijina ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Rabin maganarsa ya cika. Kunkuru yana bayan gidanmu, ya kai girman turmi, ya haƙe mini gindin katanga, 'ya'yana kullum sai sun ce in bayar da shi gidan ajiye namun daji. Amsar da na ba Iya ita nake ba su: ko farcensa ba zai je ba. Idan damina ta kama, suna ganina na fito da kasko, sai su miƙo mini gawayi.