Muryar Ba'amurke Ta Tsinka Mini Igiyar Aure

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni magidanci ne da furfura ta fara fitowa a gemu, ina aiki a wani shagon dabino a Madina, ina tsince mai kyau ina jerawa a kwali. Daga Damagaram na zo tun ina saurayi. A nan na auri 'yar Hausawan Sudan, a nan aka haifi 'ya'yanmu, muna zaune a wani tsohon gida a Harra ta Gabas. Ban iya karatun boko ba a lokacin. Yanzu ne nake zuwa ajin manya, shi ya sa na samu ikon rubuto muku da hannuna. Abu biyu aka san ni da su a unguwa: haƙuri da murya. Ba a taɓa jin na ɗaga wa iyalina harshe ba, amma Allah ya ba ni murya mai kauri, wadda in na yi sallama a ƙofar gida har na bene na uku sai sun amsa.

Muryar nan ce ta haɗa ni da wani Bakano mai gyaran waya a kusa da shagonmu. Abokin wasana ne, kullum muna tsokanar juna. Wata rana ya ce mini, kai Badamagare, wannan murya taka an yi asararta a wajen kiran farashin dabino. Ashe shi da abokansa na gida suna fassara finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Yana ɗaukar muryoyi a wani ƙaramin ɗaki a bayan shagonsa, wanda ya lulluɓe bangonsa da barguna, ya tura musu su ɗora a kan hoton. Ya ce akwai wani dattijon Ba'amurke ɗan wasan fim da suka rasa wanda zai yi muryarsa, kuma da ya ji ina faɗa da mai motar kaya ya san ya samu. Na ce ni ban taɓa faɗa da kowa ba. Ya ce to, gaisuwar tawa ma ta isa.

Sannu a hankali na san mutumin nan kamar maƙwabcina, ko da yake ba mu taɓa haɗuwa ba, bai kuma san ina duniya ba. Bakanon ne yake ba ni labarinsa. Ya ce ɗan talakawa ne, ya daɗe yana wasa a dandali ba wanda ya san shi, yana wanke kwanuka a gidan abinci don ya rayu. Daga baya ya fara samun ƙananan wurare a talabijin, yau ɗan sanda, gobe likita, jibi alƙali. Da ya tsufa sai aka riƙa neman muryarsa kaɗai, yana yi wa finafinan zane na yara magana, ya zama tsohon kare ko sarkin aljanu. Na riƙa jin kamar ni da shi sana'armu ɗaya. Na yi muryarsa a finafinai da dama, har na san yadda yake jan numfashi kafin ya yi fushi. Duk wannan ban gaya wa matata ba, don danginta suna ganin harkar fim zubar da mutunci ce, ni kuma ina jin kunyar a ce da furfurata ina wasan yara.

Tun da ba na iya karanta takarda, yadda muke yi shi ne Bakanon ya karanta mini maganganun ya turo ta waya, ni kuma in hau rufin gida bayan la'asar in yi ta maimaitawa da ƙarfi har su zauna a kaina. Haka muka yi ta tafiya lafiya, sai muka zo kan wani fim da dattijon ya fito a mijin da zai rabu da matarsa bayan doguwar zama. Masu fassarar suka mayar da maganarsa yadda Bahaushe zai faɗa: ya ce mata ya sake ta, ta tattara kayanta ta bar masa gida. Na yi, na sake yi, Bakanon yana girgiza kai. Ya ce muryata ba wuta, kamar ina roƙon mai saye ya ƙara kwali ɗaya. Sannan ya gaya mini wai shi Ba'amurken, in ya karɓi aiki, ba ya cire rigar wasan ko a gida, yana gwada maganganunsa a kan iyalinsa a teburin abinci, suna dariya. Ya ce in daina yi wa bango magana, in kalli idon mutum mai rai.

Ranar wata Juma'a ce, mun dawo daga masallaci, yara sun tafi gidan kawunsu. Matata ta shigo da faranti na shinkafa da kaza, tana ba ni labarin tsadar tumatir. Na dube ta, sai shawarar nan ta faɗo mini. A raina na ce bari in gwada sau ɗaya, in ta razana in fashe da dariya, in ba ta labarin komai, dama na gaji da ɓoyewa. Na ja numfashi irin na dattijon, na haɗa gira, na kalli tsakiyar idonta, na faɗi kalmomin nan. Wallahi tun da na fara aikin ban taɓa yin su da kyau kamar ranar ba. Ɗakin ya ɗauka. Ba ta yi kuka ba, ba ta saki farantin ba. Ta durƙusa ta ajiye shi a hankali a gabana, ta ja mayafinta ta rufe kanta, kamar wadda baƙon namiji ya shigo wa. Dariyar da na shirya ba ta fito ba. Na fara cewa Hajiya, tsaya, wasa ne, fim ne, wani Bature ne. Ta dube ni kamar na haukace, ta ce Malam, ai ka gama magana. Kafin in samo takalmina ta tare mota ta tafi gidan yayanta a Khalidiyya.

Na bi ta. Yayan nata, wanda ya girme ni kuma shi ya ba ni aurenta, ya tare ni a ƙofa. Yana magana yana juyawa daga Hausa zuwa Larabci saboda ɓacin rai. Na ce Yaya, ka saurare ni, na kunna masa ɗaya daga cikin finafinan da na riga na yi a waya. Ya ga farin tsoho yana magana da muryar mijin ƙanwarsa, ya yi salati, ya tambaye ni ko dabinon ne ya ƙare a Madina da na koma aron baki. Sai ya gaya mini abin da ya fi wannan muni. Matar maƙwabcinmu ta riga ta kira, ta ce kwana da kwanaki tana jina a kan rufi ina furta saki, ba sau ɗaya ba, ba sau uku ba. Ya ce in haka ne, igiyoyin sun ƙare gaba ɗaya, ƙanwarsa ta haramta gare ni. Ni da ban taɓa zagin matata ba, ga ni tsaye a titi ana gaya mini na rabu da ita har abada saboda maganar wani mutum da ke can bayan teku.

Muka je wajen wani malami dattijo da mutanenmu ke kai wa irin wannan matsala. Ya sa na faɗi komai tun daga farko, bai katse ni ba. Ya tambaye ni, a kan rufin da wa nake magana. Na ce da tankin ruwa. Ya ce tanki ba matata ba ne, wannan haddar maganar wani ce, babu abin da ya faɗa. Na fara samun numfashi. Sai ya tambaya, ranar Juma'ar fa, wa na kalla. Na ce ita. Ta san wasa ne? Na ce ba ta sani ba. Ya ce, shin na ce mata ga abin da wani ya faɗa, ko kuwa na faɗa mata kai tsaye? Na ce kai tsaye na faɗa mata. Ya ce saki yana cikin abubuwan da wasansu da gaskensu duk ɗaya ne, don haka ɗaya ya faɗa, ina da damar mayar da ita. Ya ƙara da cewa shi wancan Ba'amurken, a ƙasarsu sai an je gaban alƙali aure ke mutuwa, shi ya sa zai faɗi haka ga mata ɗari ya koma gida ya ci abincin matarsa. Ni kuwa aurena a kan harshena yake.

Na mayar da ita a gaban yayanta da malamin, ta dawo gida. Amma ta daɗe ba ta sake jiki da ni ba. Da ta tashi magana, cewa ta yi ba kalmar ce ta fi yi mata ciwo ba, fuskar ce. Ta ce duk zamanmu ba ta san ina da irin wannan fuskar ba, kuma ta kasa yarda cewa mutum zai iya fito da abin da babu shi a cikinsa ko kaɗan. Na rantse mata aro na yi. Ta ce ta ji, amma ta riga ta gani. Ban sake komawa ɗakin bargunan ba. Bakanon ya zo har gida ya ba ta haƙuri, ranar ko tsokanata bai yi ba.

Ban zargi dattijon nan ba, sana'arsa ya yi a inda sana'ar take da wurin zama, kuma na ji ana cewa ya tsufa da matarsa ta farko. Ni ne na ɗauko yadda yake aiki na shigo da shi ɗakina ban tambayi kowa ba. 'Yan'uwa masu wannan harka ta fassara, da masu ɗaukar wasa a waya don a yi dariya, ku tambayi malamai kafin ku sa wasu kalmomi a bakinku, kuma kada ku ɓoye wa iyalinku abin da kuke yi. Da matata ta san da fim ɗin nan, da tare za mu yi dariya. Yau muna zaune lafiya, tana dafa mini abinci, muna hira. Amma in na yi gyaran murya da ƙarfi a cikin gida, sai in ga ta tsaya cak da abin da ke hannunta, tana jiran ta ji me zan ce.