Mangwaron da Aka Dasa a Gonar Uwata

Uwata ta rasu ina 'yar shekara bakwai, zamanin Turawa ba su tafi ba. Da aka raba gado, gonarta ta bakin fadamar Kalgo ta faɗo a rabona. Mu kuwa a Gwandu muke zaune, inda Baba ke ɗinkin riguna. Yarinya ba ta riƙe gona, sai ubanta ya riƙe mata har ta mallaki hankalinta. Baba kuwa in ka ɗauke allura ka gama da shi, don haka ya ara gonar ga amininsa na Kalgo, wanda suka yi karatun allo tare, ya riƙa nomawa.

Wata kaka aka kai ni Kalgo wurin kakata, mahaifiyar uwata. Ko ƙurar hanya ban wanke ba ta ja hannuna zuwa gonar. A gefen tudu na ga 'yan itatuwan mangwaro jere, an kewaye kowanne da ƙaya don awaki. Ni har murna na yi. Tsohuwa ta dungure mini kai. A wajenmu mai aron gona yana shuka gero da shinkafa, abin da za a girbe a tashi, amma ba ya dasa itace. Itace in ya girma shi ne shaida. Watarana a ce gonar mai mangwaro, sai ta tabbata tasa.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Na koma Gwandu ina ganin itatuwan nan suna ƙara tsawo ko ina daka. In aka yi ruwa sai raina ya ɓaci, don na san su ma sun sha. Gonar nan ita kaɗai ce ta rage mini wadda ƙafar uwata ta taka. Na gaya wa Baba, ya ce zai yi magana. Na sake gaya masa, ya ce in bar tsaya masa a kan haske. Kunyar amininsa yake ji, na sani, kuma haushin Baba nake ji ƙwarai. Ba ni da bakin zuwa gaban alƙali, wanda zai yi magana a madadina kuwa shi ne ke sunkuye a kan riga.

Sai ga kakata a kan jaki, har Gwandu. Suruka ba ta duban idon surukinta ta yi masa faɗa, don haka ta zauna a tsakar gida, ta juya wa ɗakin ɗinki baya, ta yi kamar da ni take.

“Ɗiyata, na tambayi malaman alƙali,” in ji ta. “Sun ce uba riƙo a gare shi. Shina iya noma miki, shina iya badda aro. Kyauta da abin yarinya, wannan ba shi da ita. Icce kau ba shi jiran kowa.”

Allurar Baba ta tsaya. Can ya ce, “Na ji, Inna.”

Tare muka tafi Kalgo, ni da Baba. Ya gaisa da amininsa gaisuwa mai tsawo, har na ɗauka ba zai faɗa ba. Sannan ya ce a tumɓuke itatuwan.

“Malam, ni za ka yi wa haka sabadda maganar yarinya?” in ji mutumin.

“Da tawa ta, da na bam maka,” in ji Baba. “Tata ta.”

Da hannunsa na ɗinki ya tumɓuke su, ƙaya na tsaga masa yatsu. Na tsaya ina kallo, daɗin da na yi tsammani bai zo ba.

Gonar tana hannuna har yau, jikokina ke noma ta. Aminin nan bai sake taka zauren Baba ba. Ranar da Baba ya rasu an aika masa har Kalgo, na yi ta leƙen ƙofa, bai zo ba.