Madugu Seydou da Raƙuman Roba

Seydou ƙanena ne. Shekara talatin yana jan ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka karɓe hanyar, daga baya yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya dushe. Ya shiga ɗaki ya zauna shekara biyu. In an gaishe shi ya amsa, in an ba shi tuwo ya taɓa ya ture. Na faɗa wa ƴarsa Ramata cewa in muka bar shi haka, ba zai ga damina biyu ba. Ta yi kuka. Na ce kuka ba magani ba ne, ta share masa kujera a shagonta.

Ramata tana sayar da shayi, tana caja wa mutane waya. Masu haƙar zinari da suka sauko hutu suna taruwa nan bayan la'asar, suna wani wasa da aka kawo daga Yamai. Kwali ne da taswirar hamadar Tenere, da raƙuman roba guda shida. Waya ce ke tafiyar da shi. Ita ke faɗa wa kowa da Faransanci abin da ya same shi, ko iska, ko rijiya ta ƙafe. Wanda ya riga isa Bilma shi ya ci.

Na jawo Seydou da hannu na ajiye shi can. Kwana uku yana zaune yana saurare. Ran na huɗu wayar ta yi magana, wani mai suna Bilyaminu ya yi dariya ya tura raƙuminsa gaba. Seydou ya tambaye ni me aka ce, tunda ni na yi kolej. Na ce raƙumin wani ya gurgunce a rijiyar Fashi, Bilyaminu kuwa ya sha ruwa ya wuce.

"Ka bar mutum a rijiya ka tafi?" in ji Seydou.

"Baba, wasa ne fa. Waya ce ta ce."

"Wayar ta taɓa jin ƙishirwa? Dawo da raƙumin nan."

Bilyaminu ya dawo da shi, don kunyar furfura kawai. Seydou ya sa aka raba kayan gurgun tsakanin sauran, ya ce kowa ya rage salka ɗaya. Ya faɗi wurin da za su kwana, da abin da za su ba dabbobi. Muryarsa ta fito yadda na san ta.

Ramata ce ta tsara abin daga nan. Waya ta faɗi ƙaddara, madugu ya yanke abin da za a yi. Ba mai ci sai ayari duka ya isa. Mutum biyu suka ce an ɓata musu wasa, suka daina zuwa. Bilyaminu ya yi ta gunaguni sati guda, amma shi ke fassara wa Seydou yanzu, ni na huta.

Idonsa bai dawo ba, faɗansa ma yana nan. Yakan kashe wa mutum raƙumi don ya yi masa musu. Amma yana cinye tuwonsa. Jiya ya aiko a wanke masa rawani, wai bai kamata madugu ya fita da datti ba.