Ƙarfen da Ya Kori Masu Aza Mini Buhu

Alhaji mai sito ya karya mini baya da wani ƙarfe da aka ce don kare baya aka ƙera shi. Zancen ke nan, ba kwaskwarima.

Tun ina saurayi nake dako a kasuwar Yankara. A aikinmu mutum ɗaya ba ya ɗaga buhun masara daga ƙasa. Mutum biyu ke kama kunnuwansa su aza maka, kai kuma ka bi katako ka hau mota. Masu aza mini wasu dattawa ne biyu, ƙarfi ya ja baya amma hannu ya san buhu.

Da kaka, ɗan Alhaji ya dawo daga birni da irin ƙarfen nan. Kamar goyo ake ɗaura shi, ya kama ƙugu da cinyoyi. In ka sunkuya ya tallafe ka, in za ka miƙe ya ɗan turo ka. Ba zan yi ƙarya ba, ranar farko na ji daɗinsa. Yaron ya faɗa a gabanmu cewa sunkuyo kawai yake sauƙaƙawa, ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Alhaji ya ji, ya kau da kai. Sati bai cika ba ya sallami dattawan, wai mai ƙarfe me zai yi da mai aza masa.

Na yi magana, aka ce in ba na so ga ƙofa nan. Mutum tara ke jiran tuwo a gidana. Na ci gaba da cicciɓa ni kaɗai, kullum kunnena na kan bayana. Wata ranar kasuwa na ɗago buhu, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, ƙafar hagu ta mutu. Ƙarfen ya riƙe ni a sunkuye, ban faɗi ba, ban miƙe ba, direba na ta danna hon. Dattawan da aka kora suna zaune bakin sito, su suka kwance ni, suka aza ni a amalanke har da ƙarfen.

Wata biyu ina kwance. Alhaji bai leƙo ba. Aike ya yi a maido masa kayansa, wai ni ne ban iya ɗaurawa ba. Na dogara sanda na kai masa da kaina, na ajiye gaban jama'arsa.

Na ce, "Alhaji, ga ƙarfenka. Ɗaura shi ka ɗaga wancan buhun kai kaɗai, sau ɗaya tak. In ya bar ƙasa, na yafe maka bayana."