Motar Baba da Takardar Meri

Mahaifina shofer ne na gwamnati, tun muna Damagaram har aka maido shi Yamai da aiki. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar farar mota, ya yi ta zirga-zirga da ita har ranar da injinta ya buga. Aka turo ta ƙofar gidanmu a unguwar Dar es Salam, aka aje ta jikin katanga ƙarƙashin itacen bedi. Nan ta shekara uku. Kowace safiya yakan goge mata gilashi, in kuwa wani ya tambaye shi yaushe za ta tashi, sai ya ce wani ƙarfe yake jira daga Kwatano.

Wata Litinin na taso daga lakwal ɗin da nake koyarwa, na tarar da shi zaune a zaure da tabarau, yana juya wata takarda. Ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, su ne suka bi unguwa suna liƙa wa motocin da aka bari a bakin hanya. Takardar ta ce an ci shi tara don ya tare hanya, kuma in bai kawar da motar cikin mako guda ba za a ja ta.

Na ce, "Baba, kawo in je in biya gobe, a huta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "duk tsawon tuƙina ba a taɓa rubuta mini takarda ba. Sai yanzu da motar ke tsaye cikin filina?"

Washegari muka shiga taksi zuwa meri. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya rungume takardun fili a cikin leda. Muka daɗe kan benci kafin a kira mu biron wata mata mai farin lulluɓi. Ta gaishe shi da Zabarmanci, da ta ji amsarsa sai ta juya Hausa.

Baba ya shimfiɗa takardunsa ya yi bayani a tsanake: ga iyakar filinsa, ga inda motar take. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, motar tana tashi?"

Na ga yana gyara bakin ledar da hannu, alhali ba abin da ya same ta.

"Ba ta tashi," ya ce. "Ba ta kuma ƙara tashi."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, ko a cikin gida. Matar ba ta ja maganar ba. Ta ce za ta turo ma'aikaci ya auna, in motar na cikin filinsa za a soke tarar.

Ran Alhamis da hantsi ma'aikacin ya zo kan babur da igiyar awo. Matsalar farko ita ce dutsen iyakar fili, wanda rairayi ya daɗe da binnewa. Baba ya ɗauko fartanya ya ce shi ya san wurin. Ya haƙa nan babu, ya matsa gaba babu. Sai telan da ke kallonmu daga shagonsa ya tsallako ya nuna gindin bedin, ya ce yana nan lokacin da aka kafa dutsen. Can kuwa aka same shi.

Aka ja igiya. Bayan motar na cikin fili, amma hancinta ya shiga hanya da taki biyu. Baba ya karɓi igiyar ya sake aunawa da kansa, ya durƙusa har rigarsa na shan ƙasa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Da gaskiyarku," ya ce wa ma'aikacin. "Taki biyu ne."

Ma'aikacin ya ce in an shigar da ita gida yanzu zai ɗauki hoto da salula ya kai wa madam ɗin da muka gani a meri, sauran kuma yana hannunta. Tayoyi duk sun kwanta, don haka turin bai zo da sauƙi ba. Tela ya kirawo mai kanti da wasu maƙwabta biyu, shi ma ma'aikacin ya tuɓe hularsa ya sa kafaɗa. Baba ya shiga ya kama sitiyari yana ba da umarni ta taga, a yi baya kaɗan, a dakata, a tura. Sai da aka yi gaba da baya sau huɗu kafin ta shige ƙofar gida, ta tsaya daidai inda Inna take shanya. Inna ta fito daga madafa ta tsaya riƙe da ludayi, sai bayan baƙi sun tafi ta tambayi Baba inda za ta riƙa shanya.

Da muka koma meri, matar ta duba hoton ta ce tunda an kawar da motar cikin wa'adi, ta soke tarar. Baba ya ce shi bai zo roƙo ba, motarsa ta shiga hanya, ya auna da hannunsa, in ta biya ce zai biya.

Ta yi murmushi. "Baba, ba alfarma na yi maka ba. Wanda ya gyara cikin mako ana iya ɗauke masa, kai kuma ka gyara."

Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce to a rubuta hakan a buga hatimi. Ta rubuta, ta buga, ya karanta har ƙasa kafin ya yi godiya.

A hanyar komawa ya sa mai taksi ya sauke mu a Zongo. Ya shiga wani kanti ya sayi sabuwar igiyar shanya, ya ce in muka isa gida in riƙe masa tsani ya ɗaura wa Inna a bayan ɗaki.